Na Allah Mai Allurar Bisashe, da Karena Barsu

Kafin rana ta ɗaga, Na Allah ya riga ya tafasa alluransa. Shi ne aikinsa na farko in ya dawo daga masallaci: 'yar tukunya bisa gawayi, allurai a ciki, shi yana zaune kan turmi yana jira, ba ya magana da kowa. In sun tafasa ya jera su cikin gwangwani mai murfi. Sannan ya buɗe akwatin ƙanƙara, ya ɗaga kwalabe ɗai-ɗai yana duban rubutun jikinsu, ya mayar. Ya ɗaure akwatin bayan moto, wato babur ɗinsa, da roba, ya sha kunu a tsaye, ya fita. Ran kasuwar Isawan yana Isawan, ran kasuwar Gidan Amumune yana can, sauran kwanaki yana inda aka kira shi, gari ko ruga. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Da jaki ya fara, moto daga baya ya zo. Bana ya ce ya ajiye.

Ni Jaji ne mai wannan magana, maharbi, daga wani ƙauye gabas da Isawan. Ban yi lekol ba, ban san karatun boko ba. Malam Abdul Razak mai rubuta wa mutane takardu a bakin meri, ofishin magajin gari, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na ce sai ya karanta mini in ji, don kada ya ƙara gishirin da ban sa ba.

Ku san wa ke magana. Yunwa uku na gani, ta binne sa'o'ina ta bar ni tsaye. Rijiya ta taɓa ruftawa da ni a zurfin gaba goma sha biyu, aka tono ni ina tambayar ina hulata. Kububuwa ta sare ni a dunduniya, kwana tara na tashi na koma daji. Kura ta bar mini tabo a cinya, ni na bar ta ba fata. Mutumin da ya ga wannan ba ya yabon mutum da arha. Balle a ce Bagobiri irin Na Allah, ni kuwa Bakatsine, wanda tun kakanni in mun haɗu sai in tambaye shi ina ya baro igiyar da muka ɗaure kakansa. To, yau zan yaba wa Bagobiri a gaban jama'a, kuma ba a tilasta ni ba.

A ƙasar nan, in masu dabba suka zauna, hira ba ta daɗewa sai ta faɗa kan masu allura. Kowa da abin da aka yi mishi. Akwai na bakin kasuwa da ke baza kwalabe cikin rana tun hantsi har la'asar, ya tambaye ka, fari kake so ko ja, kamar goro. Allura guda ce tasa, ita ta shiga raƙumi, ita za ta shiga akuyarka. Akwai kuma wanda ya yi karatu, ya zo da farar riga, bai gaishe ka ba, ya taɓa cikin tunkiya da yatsa biyu yana magana da wani a telefon, ya ce maka "se pa grab", wai ba komai da Faransanci, ya rubuta takarda ya miƙo maka kai da ba ka karatu. Kwana biyu tunkiya ta yi sanyi, ka kira shi, ya ce ba ka bi abin da ya rubuta ba. Kuɗi kuwa ba a faɗa maka sai allura ta fito daga jikin dabba, lokacin da ba ka da bakin ciniki. In kare ne da kai, kada ma ka wahalar da kanka. Daga nesa za a jefo maka ƙwaya a ce ka tura mishi cikin tuwo.

Ni na fi kowa wannan ƙorafi, kuma da dalilina. Ina da karya mai suna Duna, wadda ta fi maharba da yawa sanin daji. Ƙazuwa ta kama ta, na kai ta ga wani na bakin kasuwa. Ya soka mata allura da hantsi, kafin la'asar ta miƙe ƙafafu. Na koma, ya ce ajali ne, ya kuma ce in cika mishi sauran kuɗinsa. Daga ranar na rantse allura ba ta sake shiga jikin karena. Ɗan Duna, Barsu, shi na riƙe. Duk shekara in an zo allurar haukan kare, Na Allah ya tsaya a ƙofata ya ce, "Baba Jaji, fiddo yaron naka." In ce, "Wuce, bawa." Ya wuce. Bai taɓa tsayawa gardama ba.

Yadda yake aikinsa, ba ni kaɗai na gani ba. Kafin ya fasa kwalba, sai ya sa ta a hannunka, ya faɗa maka sunan ciwon da Hausa, ko da Fulatanci in kai Bafulatani ne, ya faɗa maka abin da maganin zai yi da abin da ba zai yi ba, ya faɗi kuɗi, sannan ya yi shiru yana jira. In ka ce to, ya yi. In ka ce a'a, ya mayar cikin ƙanƙara, ba fushi. In bai san ciwo ba, ya ce, "Wannan ban san shi ba," ya kira na gaba da shi a Mayahi a gabanka, ya fassara maka abin da aka ce.

Yusufu mai amalanke na Maijirgi shi ya ba ni labarin sansa da bakinsa. San ya kwanta, ciki ya kumbura, numfashi sama-sama. Yusufu ya riƙe rigar Na Allah yana cewa a yi allura ko nawa ce. Na Allah ya duba, ya duba, ya ce, "Yusufu, in na yi, na ci kuɗinka, san bai kai gobe, kuma naman da magani ya shiga ba a ba mutane. Ciwon nan ba ya hana cin nama. Kira mahauci tun yana motsi." Yusufu ya zage shi. Amma ya kira mahauci. Abin da ya samu a naman shi ya cika ya sayi maraƙi. Ya ce mini har yau bai ba shi haƙurin zagin ba, kuma Na Allah bai tambaya ba.

A Gidan Amumune akwai wata tsohuwa, Uwa, wadda 'ya'yanta duk suna cin rani, ita da magenta kaɗai a gida. Ƙashin kifi ya maƙale wa magen a dasashi. Na Allah ya baro kasuwa ana tsakiyar ciniki, ya tafi ya naɗe magen cikin zane, ya zare ƙashin da hantsaki. 'Yan kabu-kabu suka yi ta yi mishi tsiya mako guda, suna kiransa likitan ɓeraye. Ya ce musu, "Da ita take hira." Bai ƙara ba.

Kada ku ɗauka ba shi da aibi. Yana da shi. Yana makara, don in ya tsaya bayani a gida ɗaya ya manta da gida na gaba. Ba ya dariya. Bai iya lallashi ba, in dabbarka za ta mutu haka zai faɗa maka kamar mai faɗin farashin gero. Akwai waɗanda suka bar kiransa saboda wannan, sun fi son wanda zai ce musu "da sauƙi" har a haƙa rami. Motonsa kuwa tun daga bayan tudu ake jinta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna gaban Abdul Razak.

Kaka biyu da suka wuce ne, an gama yankan gero ana ɗauri. Halimatu, matar Bello makiyayi na rugar da ke arewa da mu, ta shigo gidana da ƙwaryar nono da hantsi, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Barsu yana kwance gindin rumbu. Karen nan shekararsa bakwai bai taɓa cizon mutum ba, jikokina bisa bayansa suka koyi zama. Ya tashi, ba haushi ba komai, ya kama ta a ƙwauri. Nono ya zube. Na daka mishi tsawa ya sake ta, ya koma ya kwanta.

Ga abin da muka sani tun kakanninmu: in kare ya ciji mutum, a kashe karen tun bai haukace ba. Don in an bar shi ya haukace daga baya, wanda ya ciza ma zai bi shi. In an riga an kashe shi da hankalinsa, shi ke nan, an yanke hanyar. A ƙona gashinsa, a cusa tokar cikin ciwon. Kowa ya san wannan, ni ma da shi na tashi.

Kafin a jima ƙofar gidana ta cika da maza da sanduna. Bello ya iso a guje, rawaninsa a hannu. Ni kuwa na tura Barsu ɗaki na ja ƙyaure, na zauna a bakin ƙofa da bindigata bisa gwiwa. Ban nuna kowa da ita ba. Na dai ce wanda zai shiga ya fara tsallake ni, kuma rijiya ma ta gwada. Maigari Salifu ya ga abin zai ɓaci, ya kira Na Allah.

Da ya zo, bai dubi kare ba, bai dube ni ba. Ya tambayi ina matar. Aka ce tana gidan Maigari, an riga an cusa mata toka, ta gashin da aka tsinta inda karen ke kwana. Ya sa Mariyama matar Maigari ta wanke tokar da ruwa da sabulu, shi yana tsaye daga bayan darni yana cewa a ƙara. Ta ce ya fita tas. Ya ce a ƙara. Sai da aka ƙare tulu biyu.

Sannan aka zauna gindin itacen bedin ƙofar Maigari.

Bello ya ce, "Likita, aikinka dabba. Matata ba saniya ba ce. A ba ni karen."

Na Allah ya ce, "Gaskiyarka, ba saniya ba ce. Shi ya sa yanzu za ka ɗauke ta zuwa asibiti a Tasawa, wurin masu duba mutane, su fara yi mata allura yau ɗin nan. Ni zan bi ku in yi bayani. Kare kuwa a bar shi."

Wurin ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce an saye shi da naman zomo. Wani ya ce dama Bagobiri da kare ai 'yan uwa ne. Ya bari suka gama.

Ya ce, "In ciwon yana jikin karen nan, ya shiga jikinta tun sa'ad da haƙori ya shiga. Kashe kare bai fiddo shi. Abin da kashewa za ta yi kaɗai, ta hana mu sani. Karen nan shi ne shaida, ba mu da wani. A ɗaure shi kwana goma sha biyar. In yana da ciwon, zai nuna kafin su cika, kowa ya gani da idonsa. In ya cika su yana ci yana sha, to ranar da ya yi cizo ba shi da komai."

Wani dattijo ya ce, "Kakanninmu kashewa suka yi."

Ya ce, "Sun yi, Baba, Allah shi jiƙansu. Sun kuma yi jana'iza, kai ma ka bi wasu."

Gaskiya ne, dattijon ya bi.

Bello ya ce, "In ya haukace ɗaure fa? Ta bi shi ke nan, kai ka ja."

"Shi ya sa za ka tashi yanzu ka nemi kabu-kabu. Allurar ita ke shiga tsakani, ba sandarka ba."

Maigari ya yanke: kare ya shiga kangon da ke bayan gidansa, da sarƙa, ba igiya ba, a toshe ƙofa da ƙaya, abinci da ruwa a tura da doguwar gora, ba mai shiga. Kuɗin allurar matar, rabi bisa kaina. Na ce na ji. Ni na sa wa Barsu sarƙar, Na Allah ya sa na naɗe hannuwana da buhu har gwiwar hannu, shi kuma ya riƙe ƙeyar karen da nasa hannun cikin safa. Wani ya ce mishi, "Malam, najasa fa." Ya ce, "Ruwa bai ƙare ba."

Da muka fito na ce, "Bawana, yau ka yi wa ubangidanka aiki."

Ya ce, "Baba, kada ka gode mini. Ba karenka nake karewa ba."

Ya ja ni gefe. Ya ce, "In an kashe shi yau, Bello ya samu kwanciyar hankali. Allura guda za a yi mata, ba zai sake kai ta ba, zai ce an riga an yanke hanya. Allurar kuwa ba guda ba ce, tana da ranakunta. Muddin karen nan na numfashi, tsoro na nan, kuma tsoron ne zai riƙa kai ta Tasawa. In karenka ya fita lafiya, na yi murna. Amma ka sani ba dominsa na tsaya ba."

Ban taɓa jin mai allura ya faɗa wa mai dabba magana irin wannan ba. Da wani ne, da ya bar ni ina godiya.

Ya tambaye ni ko Barsu ya yi faɗa da wani abin daji kwanan baya. Na ce wata biyu da suka wuce wani dila ya shigo har bakin rijiya da tsakar rana, ba ya gudun mutane, Barsu ya kashe shi, ya samu 'yar tsaga a kunne. Na faɗa ina jin daɗi, don faɗan ya yi kyau. Na Allah bai taya ni jin daɗin ba. Ya ce, "Zuwa uku doka ta ce in yi, yau da rana ta bakwai da ta ƙarshe. Jikka uku, da man moto a ciki. Ka yarda?" Na ce na yarda.

Da yake ni da Bello ba mai karatu, ya yanko igiyar rama biyu, ya yi wa kowace ƙulli goma sha biyar, ya ba mu, ya ce kullum da safe a kwance ɗaya. A ta Bello ya ɗaura jan zare bisa ƙullin ranakun da za a koma asibiti.

Haka muka shiga ƙirga. Kullum da safe in zo kango da tuwo, in tarar da Bello tsaye yana leƙe ta kan katanga. Ba ya gaishe ni, ba na gaishe shi. Ya kwance nasa, in kwance nawa. Barsu ya ci, ya sha, in na kira shi ya kaɗa wutsiya. Ran jan zare na farko Bello ya sayar da akuya ya kai Halimatu. A majalisa na faɗa wa kowa cewa jinin Duna ba ya hauka, kuma ran na sha biyar da kaina zan zagaya gari da shi.

Rana ta huɗu Bello ya tare Na Allah, wanda ya zo ba ranar zuwansa ba. Ya ce, "Likita, ga kare yana cin tuwo kamar ango. Me zai sa in ƙara sayar da akuya?"

Ya ce, "Ƙulli nawa ya rage maka?"

"Goma sha ɗaya."

"To, ka tambaye ni in sun ƙare."

Rana ta shida ina gona ina ɗaurin dami, na ji moto daga bayan tudu. Da safe na lura Barsu bai taɓa tuwo ba, na ce zafi ne. Na Allah ya kashe moto daga nesa, ya tako da ƙafa cikin karan gero, ya yi sallama, ya tsuguna. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Baba, daga kango nake. Ciwon ne."

Na ce, "Ka tabbata, ko dai irin na abokanka masu farar riga?"

Ya ce, "Na tabbata. Ban faɗa wa kowa ba, kai ne mai shi. Zo ka gani da idonka, in ka ga ba haka ba ka ƙaryata ni."

Muka tafi. Na leƙa. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na zuba, yana taunar sarƙa har haƙori ya fita bai sani ba. Ya yi haushi, muryar ba tasa ba ce, ta dushe kamar ana jan turmi a ƙasa. Ga kaskon ruwa a gabansa, ya sa baki, ruwan ya dawo. Na Allah ya ce, "Ba tsoron ruwa yake ba, haɗiya ce ta gagara." Na kira sunansa sau biyu. Ya dube ni kamar yadda yake duban gafiya.

Na san dabba. Ban ƙaryata shi ba.

Ya ce, "Ba shi da magani, ba nan ba, ba ko'ina ba. In an bar shi, kwana biyu ko uku na wahala. Amma kafin a yi komai ina so Bello ya gani, da Maigari, da duk wanda ke da kare a garin nan. Ka yarda a kira su?"

Yana iya kiransu ba sai ya tambaye ni ba. Ya tambaya.

Aka kira. Maza suka jeru bakin katanga suna leƙe, ba mai tsiya yau. Bello ya duba har ya ƙoshi, ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya ce, "Ta tafi ke nan." Na Allah ya tsuguna gabansa ya yi mishi magana da Fulatanci, a hankali, yana nuna jan zaren da ke igiyarsa ɗai-ɗai. Ina jin Fulatanci kaɗan. Abin da na kama, yana ce mishi an fara a kan lokaci, ba a tsallake ko ɗaya ba, kada a tsallake sauran. Bello ya tambaya sau uku, ya amsa sau uku, magana iri ɗaya.

Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ko ni?"

Na ce kare ba ya mutuwa a hannun baƙo ubangidansa na tsaye. Na koma gida na ɗauko bindiga. Harbi ɗaya, daga kan katanga. Ban taɓa buƙatar na biyu ba a rayuwata, ranar ma ban buƙata ba. Na Allah ya hana kowa taɓa jinin. Shi da kansa ya karɓi magirbi muka haƙa rami cikin kangon har ƙugu, muka ja gawar da gora, muka zuba kara muka sa wuta, muka rufe. Sarƙar ma cikin wutar ta shiga. Yinin nan ban ci abinci ba.

Shi bai tsaya ta'aziyya ba. Ya shiga gari gida-gida yana tambayar wane kare ya yi faɗa da Barsu, wane yaro ya yi wasa da shi da ciwo a hannu, wace akuya ya taɓa kora. Ya duba hannuwan jikokina da ƙafafunsu ɗai-ɗai cikin hasken rana, biyu ya ce a kai su Tasawa. Karnuka uku ya sa aka ɗaure. Mako na gaba ya dawo da akwatin ƙanƙara, karnukan da a da ake ɓoyewa bayan rumbu in an ji motonsa, ranar da kansu masu su suka jawo su.

Zuwa bakwai ya yi a cikin wannan lamari, na ƙirga. Na miƙa mishi jikka bakwai. Ya zare uku ya mayar mini da sauran, ya ce, "Uku na faɗa. Sauran zuwan nawa ne." Ukun kuwa ya sa aljihu, bai ce ya yafe ba, duk da kare ya mutu. Na ji daɗin wannan. Da ya yafe, da ya mai da ni abin tausayi.

Abu guda bai taɓa faɗa mini ba, daga ranar har yau: shekara bakwai yana tsayawa a ƙofata ina ce mishi ya wuce. Ya sani, na sani. Ni nake faɗa yanzu, don ya shiga takarda.

Halimatu ta cika alluranta. Tana nan da ranta, bara ta haihu, tana kawo nono gari. Ba ta shigowa gidana, ta ƙofar Maigari take bi, kuma ban ga laifinta ba. Bello yana gaishe ni yanzu, gaisuwa gajera.

Na Allah, kai ne ka tsaya tsakanin sanduna da bindiga ba ka ɗauki gefen kowa ba. Kai ne ka tako cikin kara ka faɗa mini a gona, ba ka bari na ji a majalisa ba. Ruwan rijiya, ba ka da zaƙi, amma kai ake sha a rayu. Kai ne ka sa na harbe karena da hannuna, ga ni kuma ina yi maka godiya da sunana a takarda. Ban san wani mai allura da aka taɓa yi wa haka ba.

Dalilin ajiye aikinsa, ido ne. Yanar ido ce ta fara rufe shi. Ya ce ya kai ba ya ganin ƙaramin rubutun da ke faɗin ranar da magani ke lalacewa, kuma wanda ba ya ganin wannan bai kamata ya riƙe allura ba. Na ce ya sa wani ya riƙa karanta mishi, ga ni nan da Abdul Razak. Ya ce, "Kai magana kake sayarwa, Baba, in ta lalace ba mai mutuwa." Bagobiri dai bai bar hali. Akwatin ƙanƙarar ya miƙa wa Sakina ta Gidan Amumune, wadda ta yi karatun aikin, ta kuma bi shi ruga-ruga shekara huɗu.

Ku da kuka rage a aikin nan, masu farar riga da marasa ita, ban ce ku warkar da kowace dabba ba. Shi ma bai warkar da tawa ba. Ku gaishe da mai dabba. Ku faɗa mishi abin da kuka gani da harshen da uwarsa ta koya mishi. Ku faɗi kuɗi tun kwalba na rufe. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ba a taɓa tsire mutum don wannan ba. Mu ma masu dabba, ƙorafinmu gaskiya ne, amma in wani ya cuce mu a bakin kasuwa, kada mu rama bisa wanda ya zo ƙofa da gaskiya. Na gwada, kun ji abin da na biya.

Na Allah, Allah shi saka maka, shi buɗe idon, shi ba ka hutun da ba ka taɓa ba jakinka ba. Na gode.

Wata uku ke nan da wani maharbi na Maijirgi ya aiko mini da ɗan kwikwiyo, ja, mai dogayen ƙafafu. Yana cin tuwo, ya fara bin sawun zabi. Jikokina sun dame ni in sa mishi suna. Na ce su jira. An ce Sakina za ta zo allurar karnuka bayan kaka. Wanda zai riga ni isa gindin bedin Maigari ranar, sai dai in can ya kwana. In allura ta shiga, sannan ya samu suna.